Shekarar da Ruwan Fatna Ya Juya

Awadiyya ba ta taɓa mallakar sikeli ba, kuma idan ka kawo mata maganarsa sai ta dube ka kamar ka zagi iyayenta. Harshenta shi ne sikelinta. Da shi take sanin ko sukari ya ji, da shi take sanin ko lemun tsami ya wuce wuri. Shekara tara tana dafa sharbar fure a hawa na biyar na wani tsohon bene da ke Hayyus Sabi', a birnin Alƙahira, kuma a cikin shekarun nan ko kwalba ɗaya ba a taɓa dawo mata da ita ba.

Asalinta mutuniyar Maiurno ce, can Sudan, bakin kogi. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, tafiya ta yi tafiya suka yada zango a nan, zangon ya zama gari. Mahaifiyarta, Fatna, tana da itatuwan lemu guda biyar a bayan gida. Idan sun yi fure takan tsinka ta jiƙa, ta dafa da sukari, ta ajiye don ranar suna da ranar dawowar alhazai. Ba sayarwa take yi ba. Awadiyya ta tashi tana riƙe mata ƙyallen tata, tana shan ranƙwashi duk lokacin da ta bar koren tsinke ya faɗa cikin tukunya.

Ciwon ƙoda ne ya kawo su Masar. Ta rako mijinta neman magani, da 'yarsu Tasneem mai shekara goma sha biyu. Maganin bai yi ba, aka binne shi a nan, ita kuma ta kasa tafiya ta bar kabarin. Shekara biyu ta yi tana wanke-wanke a gidajen masu hali a Muhandisin, ba ta da wani abu da za ta kira nata sai tabarmar salla.

Wata safiya a farkon bazara tana cikin mikrobas za ta aiki, wani dattijo Bamisire ya shigo da buhu a kafaɗa. Yana zama ƙamshin ya cika motar. Awadiyya ta ji kamar an buɗe mata ƙofar bayan gidansu. Wurin saukarta ya zo ya wuce, ba ta sauka ba, sai da dattijon ya sauka ta bi shi kamar wadda aka yi wa kiranye. Sunansa Amm Mahir, manomi ne daga wani ƙauye ta hanyar Tanta, furen lemu mai ɗaci yake kai wa masu turare. Ya yi zaton roƙo za ta yi. Da ya gane abin da take so ya yi dariya, ya ɗibar mata tafi biyu a gefen mayafinta. Ranar an sallame ta daga aiki saboda makara, ita ko a jikinta.

Daga nan abin ya soma. Furen nan mako uku kacal yake yi a shekara, kuma ba ya jiran kowa. Ana tsinkarsa da sanyin safiya, Amm Mahir ya iso da shi wajen ƙarfe goma, idan azahar ta yi ba a taɓa shi ba sai ya yi ja-ja ya soma warin jiƙaƙƙen tsumma. Sai ta zauna ta cire tsinken ɗaya bayan ɗaya, ta zuba masa ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ta rufe ta karanta Yasin ƙafa uku. Wannan shi ne agogonta. Sannan ta tace a farin ƙyalle, ta ɗora a wuta, tana zuba sukari tana ɗanɗanawa, tana matsa lemun tsami tana ɗanɗanawa, har harshen ya ce ya isa. Da zafinsa take juye shi a manyan tulunan gilashi, ta ɗaure baki da ƙyalle ta like da narkakken kyandir. Daga nan babu mai buɗewa sai an kwana arba'in. Haka Fatna take yi, kuma Awadiyya ba ta ga dalilin da za ta fi uwarta wayo ba. Cokali biyu a kofin ruwan sanyi, kana sha za ka ji ƙamshin ya fito maka ta hanci.

Wanda ya fitar da sharbar duniya ta gani shi ne Harun, ɗalibin fiƙihu ɗan Zariya, wanda ya zo karatun shekara huɗu ga shi har furfura ta soma leƙo masa a gemu bai gama ba. A benensu yake haya. Ranar da ya fara sha ya ce wannan ai zalunci ne a bar shi a hawa na biyar. Shi ya kai wa ɗalibai 'yan uwansa, shi ya raka ta kasuwar Ataba suka sayo kwalabe, shi ya rubuta takardar da ake mannawa, da Larabci da boko. Da ya tambaye ta sunan da za a sa, ba ta yi dogon tunani ba ta ce Ruwan Fatna. Daga baya Bakri, wani Basudane mai shago a bakin titi, ya ware mata kanta guda a gefen dama, daidai ido. Kantar nan ita ce abin da ya mayar da ita mutum a unguwa. Da ana cewa bazawarar hawa na biyar, yanzu ana cewa Haja Awadiyya mai Ruwan Fatna, kuma wallahi tana jin daɗin hakan, ba ta ma ɓoyewa.

To, sai aka zo shekarar da azumi ya faɗo daidai kan fure.

Tun kafin a ga wata Harun ya hau sama ya same ta. Ya ce mata malamai sun yi sauƙi, mai dafa abinci zai iya taɓawa da bakin harshe ya tofar, azuminsa na nan. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ita tun tana shekara tara take azumi ba ta taɓa sa komai a baki da rana ba, ba za ta fara da tsufanta saboda sukari ba. Tasneem, wadda yanzu ta zama cikakkiyar mace tana aiki a kicin ɗin wani gida a Muhandisin, ta ce to a aro sikeli. Aka yi mata kallon nan. Ta ce to a bari sai an sha ruwa a dafa. Uwar ta ce je ki gaya wa furen. Ba wanda za a ba ya ɗanɗana, don harshen wani ba nata ba ne. Ga shi kuma shekarar sukari ya yi wuya a gari, sai an bi layi a ba ka leda ɗaya, hannunta ya saba da maƙo ba ta sani ba.

Haka ta yi aikin da ido. Takan ɗebo da ludayi ta zuba ta ga yadda yake gangarowa, ta murza tsakanin yatsu, ta ce ya yi. Idan an kira magariba takan lashi abin da ya rage a gindin tukunya don ta tabbatar. Nan fa aka yi kuskuren. Harshen da ya wuni da ƙishirwa, ko ruwan famfo ka ba shi zai rantse zuma ce. Kullum ta lasa sai ta ji zaƙi har kunne, ta yi hamdala. Mako uku ta cika tulu goma sha ɗaya, ta jera su a lungun falo, ta yafa musu tsohon bargo.

Ana saura kwana shida a buɗe na farko, zafi ya riga ya sauka, tana shara ta ji wani ɗan sauti kamar maciji a ƙarƙashin bargon. Ta yaye. Kyandir ya tsage a tulu uku, kumfa na tsattsafowa, sauran kuwa ƙyallen bakinsu ya kumbura. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata warin mene ne ba. Ta wanke isassun kofuna a Muhandisin bayan baƙi sun watse. Ta zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu. Ita da ta ƙi taɓa sukari da harshe don tsoron Allah, ga ta da giya tulu goma sha ɗaya a falonta, kuma da sunan uwarta.

Harun ya zo ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya yana a'uziyya a hankali. Maganarsa ta farko ita ce a zubar. Da ya ɗago ya ga fuskarta, sai ya zauna a kan kujera ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, “Khala,” wato inna, “akwai wata ƙofa, amma ƙarama ce. Idan giya ta juya da kanta ta zama khal, ta tsarkaka, wannan babu jayayya. Idan kuwa mutum ne ya jefa mata wani abu don ta juya, malamai sun saɓa. Ko ajiyewar ma akwai masu magana. Ni dai abin da na fi natsuwa da shi, kada a sa mata komai.”

Khal dai shi ne ruwan tsamin nan da Misirawa ke zubawa a salak da tafarnuwa. Ta tambaye shi kwana nawa yake ɗauka. Ya ce wannan ba ya cikin littafi.

Da yamma ta sauka ta gaya wa Bakri gaskiya, muryarta ƙasa-ƙasa kada mai sayen sabulu ya ji. Bakri ba mugu ba ne, amma ɗan kasuwa ne, kuma akwai mai man gyaɗa da ya daɗe yana zawarcin kantar nan. Ya ce khal mai ƙamshin fure abu ne da zai iya sayarwa, sunan Fatna ya ci gaba da zama a wurinsa har fure ya zagayo. Zai riƙe mata wurin zuwa ƙarshen Muharram. Bayan nan ma'alish, sai dai ta yi haƙuri.

Sai jira. Kai, jiran nan ya ci Awadiyya. Mace ce da duk rayuwarta idan abu ya lalace hannu take sawa, ta ƙara wuta ko ta rage, ta tace ta sake. Yanzu an ce abin da kawai za ta iya yi shi ne kada ta yi komai. Ta ɓamɓare fasasshen kyandir kada gilashi ya fashe, ta bar ƙyallen, shi ke nan aikinta ya ƙare. Ta kwashe tabarmar sallarta ta mayar ɗaki, don ba za ta yi sujada kusa da abin ba. Kowace safiya takan durƙusa gaban tulunan, hannuwa a bayanta kamar mai laifi, ta shinshina ta ƙyallen ɗaya bayan ɗaya. Kullum warin nan dai.

Babbar Salla ta zo. Matan Sudan da suka saba aiko yara da kwalabe suka yi ta tambaya, ɗalibai suna tare ta a matakala. Takan ce bana ruwan ya yi jinkiri. Ba ƙarya ba ce, amma duk ranar da ta faɗa sai ta ji ta ƙazantu. Daga baya ta daina sauka gaba ɗaya. Idan an ɗauke wuta da rana fanka ta tsaya, warin ya cika gidan, sai ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma kada maƙwabta su ji. Abinci ya fita ranta. Tasneem takan dawo aiki ta tarar da ita zaune a duhun falo, ta zuba wa bargon ido, zobenta har ya soma zamewa daga yatsa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce a zubar a huta mana. Uwar ta ce idan aka zubar ita kuma a kira ta da wa.

Muharram ya kama, ya yi kwana goma, ya yi sha biyar. Ran nan da safe ta durƙusa kamar kullum, sai wani abu ya soke ta a hanci har hawaye ya zo. Ta ɗaga gefen ƙyallen da tsinke. Wata farar yana ta kwanta a saman ruwan. Ba a yi mako ba duk tulunan suka bi sahu, wasu da ƙarfi wasu a hankali, warin giya ya tafi, sai tsami mai kaifi, can ƙarƙashinsa kuma furen na nan da ƙamshinsa.

Harun ya hau da gutsuren gurasa. Ya tsoma, ya ci, ya yamutsa fuska, ya sake tsomawa a na gaba har ya gama da goma sha ɗayan. Ya ce khal ne tsantsa, halalan ɗayyiban. Awadiyya ta yi dariyar da rabonta da ita tun azumi, ta rufe baki da mayafi. Ranar ta ci tuwo malmala biyu. Ta aika wa Bakri cewa ya goge kanta, ta sa Harun ya zauna rubuta sabuwar takarda, ita da kanta ta shiga mota zuwa Ataba ta dawo da kwalabe masu siririn wuya.

Ranar Juma'a da hantsi suna zaune ita da Tasneem suna wanke kwalaben a babban baho. Bakinta ya ƙi rufuwa. Tana ta lissafa waɗanda za ta fara aika wa kyauta, tana cewa duk wanda ya tambaya a gaya masa gaskiya, giya ce ta zama, Allah kuma ya juyar da ita. Ta ce za ta iya dafa Alƙur'ani a gaban ko wane malami a garin nan cewa ɗan Adam bai sa wa tulunan nan ko ƙwayar gishiri ba. Ta ce gobe ma za ta faɗa wa Bakri haka, ya riƙa faɗa wa mutane.

Tasneem ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ta dubi uwarta.

“Yumma, kada ki rantse.”

Maganar ta fito da ƙyar, gutsure-gutsure. Mai dafa abincin gidan da take aiki, wata Mahasin, ita ta ce mata ai abu ne mai sauƙi, a samo ɗanyen khal na ƙauye a zuba cokali ɗaya, zai ja sauran. Tasneem ta samo, ta yi kwanaki da ƙaramar kwalbar khal ɗin a jaka tana kokawa da zuciyarta. Ranar da ta ga uwar ta miƙe daga gaban tulunan jiri ya kwashe ta sai da ta dafa bango, ranar ta zuba, lokacin da uwar ke wanka. Tulu huɗu ta samu ta yi wa kafin ta ji an rufe famfo.

Awadiyya ba ta yi ihu ba. Ta tsame hannuwanta daga ruwa ta share a zaninta. Huɗu, ta ce a ranta, saura bakwai, bakwai ma ai sun riƙe kanta.

“Waɗanne?”

“Ban sani ba, Yumma. Washegari da nake goge ƙasa na cakuɗa su. Idona ne ya riƙa zuwa kansu, na ji tsoro ki lura.”

Aka kira Harun. Ya tsaya a bakin ƙofa da rigar Juma'arsa, ya ji abin da ya faru, ya shiga kawo sauƙi da iyakar ƙarfinsa. Ya ce manyan malamai sun halatta, ko a mazhabarmu akwai ruwayar da ta ce ya tsarkaka, kuma ba ita ta zuba ba, kuma addini ba ƙunci ba ne. Gaskiya ya faɗa, kuma da za a bi ta tawa da ta karɓa an wuce wurin. Amma Awadiyya ce. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta tuna masa cewa ran nan, da babu wanda yake kuka, abin da ya ce ya fi natsuwa da shi daban ne. Ta tambaye shi ko littafin ne ya sake, ko tausayinta yake ji.  Ladan ya kira salla, Harun ya sauka yana jan ƙafa.

Ta durƙusa gaban tulunan. Wannan karon ta ɗauko cokali, tunda babu sauran abin kiyayewa. Ta shinshina na farko, ta ɗanɗana, ta kurkure baki, ta matsa na biyu. Ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ta jera su ta wata fuska ta sake bi. Harshen da yake gane tsinke ɗaya a cikin tukunya guda, yau ya rasa abin cewa. Duka goma sha ɗayan ɗaya suke, kuma duka sun yi kyau, kyan da ba ta taɓa zaton hannunta zai fitar ba. Har la'asar tana nan, leɓɓanta sun yi fari saboda tsami.

Tunda ta kasa ware huɗun, babu wanda za ta sayar a ciki. Daga nan ta miƙe ta kama wuyan tulun farko za ta kai wurin wanke-wanke. Ko motsi bai yi ba, watannin nan sun cinye mata ƙarfi. Ta sake gwadawa. Dole ta juya ta dubi 'yarta, wadda ke rakuɓe jikin bango tun hantsi.

“Zo ki kama mini.”

Suka ɗauka tare, ɗaya a wuya ɗaya a gindi, suka ɗora a bakin magudana suka karkata. Ƙamshin ya tashi ya cika kicin. Tasneem tana kuka tana cewa ta yafe mata, don ita ta yi, ba ta iya ganin tana ƙarewa ba ne. Awadiyya ba ta ɗaga ido daga ruwan da ke tafiya ba.

“Na san don ni kika yi, ban riƙe ki da cokalin da kika zuba ba,” ta ce a hankali. “Amma Tasneem, me ya sa kika gaya mini?”

Tulun ya ƙare. Suka ajiye shi gefe, suka koma ɗauko na biyu.